Tayarwa Ba Wuya, Kashewa Ce Aikin

Manhajar yanar gizo ta zamanin nan suna ɗaya gare ta, amma shirye-shirye da yawa ne ke riƙe da ita. Ɗauki irin aikin da matasanmu masu rubuta manhaja a Katsina ke yawan samu: makaranta mai zaman kanta tana son manhajar karɓar kuɗin zango, wadda za ta riƙa tura wa iyaye rasit ta saƙon tes. Idan da Laravel aka rubuta ta, wato tsarin gina manhaja da harshen PHP, kafin aiki ya kankama sai abubuwa huɗu sun tashi a kwamfutar mai rubutun. Da sabar PHP, wadda ake tayarwa da `php artisan serve`, tana sauraro a ƙofa ta 8000 (ƙofa lamba ce da ake samun shiri ta ita a cikin kwamfuta). Da Vite a ƙofa ta 5173, mai sake haɗa fayilolin CSS da JavaScript duk sanda aka taɓa su. Da ma'aikacin layi, wanda ke kwashe ayyukan da aka jinkirta, irin su tura tes ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya. Sai rumbun bayanai, MySQL a 3306 ko PostgreSQL a 5432. Mai Django, takwaran Laravel a harshen Python, shi ma bai tsira ba, sunaye ne kawai suka canza: runserver, Celery, da Redis a 6379.

Dukkansu halinsu ɗaya, ba sa gamawa. Umarnin da aka saba da shi a taminal yakan yi aikinsa ya mayar maka da wurin rubutu. Waɗannan kuwa in sun tashi sun zauna ke nan, suna jiran buƙata har sai an tashe su. Shi ya sa ɗalibin da ya haɗa biyu da `&&` zai ga na farko ya tashi, na biyu shiru: alamar tana nufin "in na farko ya gama lafiya, a yi na biyu", shi kuwa na farko ba shi da ranar gamawa. Mafita ta farko da kowa ke samu ita ce buɗe tagogi huɗu. Tana aiki, har ranar da aka manta da ɗaya. Ma'aikacin layi ne aka fi mantawa da shi, domin rashinsa ba ya hana shafi buɗewa. Sai a danna "biya", rasit ya ƙi zuwa, a kwashe awa guda ana tonon kod ɗin da lafiyarsa lau.

Daga nan sai wani ya koya maka alamar `&` guda ɗaya. A Linux da Mac tana tura umarni ya ci gaba a bayan fage, don haka layi ɗaya zai tayar da komai. A cmd na Windows kuwa ma'anarta daban: yi na farko, in ya ƙare ka yi na biyu. Da yake npm, mai kula da kayan JavaScript, a Windows da cmd yake gudanar da umarnin da ke cikin fayil ɗinsa na package.json, layin da ya yi wa abokinka mai Ubuntu aiki kai zai tsaya maka a rabi. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu, daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Kwalejin Hassan Usman da ta Tarayya da ke Daura, Windows ne a kansu, saboda haka wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Amma ko inda `&` ta yi aiki, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ra'ayina shi ne duk wani kayan aiki da ke gudanar da shirye-shirye tare, a wajen kashewa ya kamata a auna shi. Tayarwa kowa ya iya.

Ga abin da ke faruwa idan ka danna Ctrl+C. Taminal ba ta kashe komai da kanta. Sigina take aikawa mai suna SIGINT, kuma tana aika shi ne ga rukunin shirye-shiryen da ke gaba a lokacin. Wanda ka tura bayan fage da hannunka yana cikin wani rukuni dabam, saƙon ba zai same shi ba. In kuma a cikin fayil ɗin umarni aka tura shi, ƙa'idar POSIX ta ce a tashe shi yana mai toshe kunne ga SIGINT ɗin. Ga kuma batun zuri'a: ka kira `npm run dev`, npm ya kira shel, shel ya kira node. Uba, ɗa, jika. Idan aka kashe uban shi kaɗai ta lambarsa, jikan na iya ci gaba da rayuwa, tsarin kwamfutar ya ɗauke shi riƙo, ga shi riƙe da ƙofarsa. Ka ga taga ta yi shiru, ka ɗauka an tashi.

Wanda ya taɓa zama a shagon tela dab da Sallah ya san mai yanka da mai ɗinki da mai guga kowa ya san lokacin da zai fara, ba sai an ce masa ba. Amfanin maigida yana bayyana ne da daddare, lokacin da za a ja ƙofa: shi ne zai duba ko an bar dutsen guga a jone.

Sakamakon shirin da aka bari a raye iri biyu ne, kuma mai ƙara ya fi sauƙi. Mai ƙarar shi ne ka sake tayar da sabar Node ta ce maka EADDRINUSE, wato akwai mai zaune a ƙofar. Ka nemo shi da `lsof -i :3000`, ko `netstat -ano` a Windows, ka kashe, a wuce wurin. Marar ƙarar shi ne abin tsoro. Vite in ya tarar da 5173 a kame sai ya koma 5174, `artisan serve` ya koma 8001, su rubuta hakan a layi ɗaya da ba wanda zai karanta. Burauzarka tana nan a tsohuwar ƙofa, tana hira da tsohon shiri. Mafi muni shi ne ma'aikacin layi. `queue:work` na Laravel da Celery duk suna loda kod sau ɗaya ne a ƙwaƙwalwa lokacin tashi, ba sa ganin gyaran da aka yi daga baya. In tsohon ma'aikaci na raye kuma ka tayar da sabo, su biyu za su riƙa wawason ayyuka daga layi ɗaya. Wani rasit ya fita da gyaran da ka yi, wani ya fita da tsohon kuskure, ba tare da wani tsari da za ka iya kamawa ba. Mutum na iya zargin kamfanin tes, ya zargi netwok, ya zargi kansa, alhali shirin da ya tayar da hantsi ne bai mutu ba.

Wannan ciwon ne ya haifar da Foreman, wanda David Dollar, ma'aikacin Heroku (kamfanin da ke ɗora manhajoji a intanet) a lokacin, ya rubuta da Ruby ya gabatar a 2011. Dabarar ba ta da yawa. Fayil ne mai suna Procfile, kowane layi suna da umarni:

web: php artisan serve
vite: npm run dev
layi: php artisan queue:listen

Ka rubuta `foreman start`, ya tayar da su duka a matsayin 'ya'yansa, ya haɗa abin da suke fitarwa a taga ɗaya, kowane layi da sunan mai shi da launinsa. Yana karanta fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan manhaja, ya raba musu, yana kuma ba kowane nau'i lambar ƙofa: na farko 5000, na biyu 5100, haka da ɗari-ɗari. (Masu Mac sun sha mamaki a 2021, lokacin da macOS Monterey ya fito da AirPlay zaune a 5000 ɗin.) Idan aka ce a tsaya, sai ya aika wa kowa SIGTERM, wato "tattara kayanka ka fita", ya jira daƙiƙa 5, wanda ya ƙi fita ya bi shi da SIGKILL, wanda ba a yi masa gardama. Heroku ya ɗauki tsarin Procfile a shekarar, daga nan ya bazu: Honcho ga masu Python, goreman da forego da aka rubuta da Go, node-foreman ga masu Node. Tun Rails 7, da ya fito a Disambar 2021, aikin da aka zaɓar wa Tailwind ko esbuild yana zuwa da `bin/dev` da Procfile.dev a shirye.

A ɓangaren JavaScript, concurrently ne ya fi karɓuwa, sai npm-run-all mai `run-p` da `run-s`. Ba su buƙatar wani fayil, a cikin package.json ake jera umarnin, kuma suna aiki a Windows kamar yadda suke yi a Linux. Sababbin ayyukan Laravel ma da shi suke zuwa: `composer run dev` concurrently yake kira, ya tayar da saba, ma'aikacin layi, mai nuna rahoto da Vite. Da yawa cikin masu amfani da shi ba su taɓa buɗe composer.json sun ga haka ba.

Inda suka rabu shi ne tambayar da ta fi kowace nauyi: in ɗaya ya mutu, me za a yi da sauran? Foreman kashe su yake duka. concurrently kuwa barinsu yake su ci gaba, sai in ka sa masa `--kill-others`. Akwai masu ganin halin Foreman tsanani ne, me ya sa faɗuwar mai haɗa CSS za ta tafi da sabar da ba ta yi laifin komai ba? Ni ina tare da tsananin, a kwamfutar aiki dai. Rahoton shirye-shirye huɗu a taga ɗaya gudu yake, layin da ya ce "layi ya fita da lamba 1" cikin daƙiƙa biyu ya haye sama ya ɓace. In sauran suna raye, ka koma halin wanda ya manta da taga, sai dai yanzu kana da yaƙinin komai na tafiya, wanda ya fi muni. In komai ya tsaya cak, dole ka duba.

Tsananin yana da tarkonsa. Umarnin da ke gamawa, kamar `migrate` mai shirya teburan rumbu, ba ɗan wannan jerin ba ne. In ka sa shi a Procfile, zai yi aikinsa cikin nasara ya fita, Foreman ya ga ɗa ɗaya ya fita ya rufe gidan. Irinsa kafin jerin ake yi, a nan ne `&&` take da gurbi. concurrently yana da tsaka-tsaki, `--kill-others-on-fail`, mai kashe saura idan fitar ta kuskure ce kawai.

Windows na da nasa labarin. Babu SIGTERM a cikinsa irin na Linux, don haka concurrently da `taskkill` yake bin zuri'ar shirin ya kashe da ƙarfi. Kashewar tana tabbata, amma ba a ba shirin damar kammala abin da ke hannunsa. Ma'aikacin da ke tsakiyar tura saƙo a nan za a yanke shi, kuma idan ba a rubuta aikin ta yadda maimaita shi ba zai yi ɓarna ba, uba ɗaya na iya samun rasit biyu. Gara a gano haka a kwamfutar gwaji. Haka kuma Pail, mai nuna rahoton Laravel, yana buƙatar pcntl, wanda babu shi a PHP na Windows. Wanda ya gaji composer.json daga abokin aiki mai Mac zai ga layin nan yana faɗuwa, in kuma an sa kashe-saura ya tafi da kowa. Cire layin ya wadatar. Mai son zaman lafiya na dindindin sai ya koma WSL, inda Linux ke gudana a cikin Windows, muddin ƙwaƙwalwar injinsa za ta ɗauka.

Sai batun jeri. Waɗannan kayan a lokaci ɗaya suke sakin kowa, kuma shiri ya tashi daban, ya shirya karɓar baƙi daban. Ma'aikacin layi na iya neman Redis kafin Redis ya buɗe ƙofa, ya faɗi, ya ja kowa. Maganin da ake yawan gani shi ne `sleep 5` a gaban umarni. A injin mai SSD zai yi aiki kullum. A tsohuwar HP mai faifai mai juyawa, da rana tsaka a watan Afrilu, fanka na kuka injin ya rage gudu don zafi, daƙiƙa biyar ɗin ba za su isa ba, kuma mai injin ne za a ce bai iya ba. Abin da ya dace shi ne a jira alamar shiri, ba agogo ba: `wait-on tcp:6379` yana tsayawa har ƙofar ta amsa, `pg_isready` yana tambayar PostgreSQL kai tsaye. Ko Docker Compose, mai tayar da kowane shiri a cikin keɓantaccen akwatinsa, da ake ganin ya gama komai, `depends_on` ɗinsa tashi kawai yake jira, sai an haɗa masa da healthcheck da sharaɗin `service_healthy`.

Akwai wani abu da ke rikita sababbi, kuma ba laifinsu ba ne. Shiri yana iya gane ko da taminal yake magana ko da bututu. A ƙarƙashin Foreman ko Honcho bututu ne, domin uban ne ke karɓar rubutun ya manna masa suna. Da Python ya ga haka sai ya daina fitar da layi-layi, ya riƙa tarawa sai ma'ajin ya cika. Ka sa `print` don ka ga inda kod ya kai, ba ka ga komai ba, ka yanke hukuncin bai kai wurin ba. Ya kai, rubutun ne ke tsare. `PYTHONUNBUFFERED=1` a .env yana warware wannan, a Ruby kuma `$stdout.sync = true`. Launuka ma kan ɓace saboda dalili ɗaya. Wanda ya fi ciwo shi ne kayan farautar kuskure irin pdb ko pry, masu tsayar da shiri su jira ka rubuta: madannai ɗaya ne, shirye-shirye huɗu, wa za a miƙa wa? Overmind, na kamfanin Evil Martians, ya magance wannan ta hanyar ba kowane shiri tagarsa a cikin tmux, mai raba taminal ɗaya zuwa tagogi da yawa. `overmind connect web` zai shigar da kai wurin sabar ka yi hira da ita, `overmind restart layi` ya sake tayar da ma'aikaci shi kaɗai. A ganina shi ne mafi kyau cikin masu karanta Procfile, sai dai tmux ba ya gudana a Windows kai tsaye, sai ta irin su WSL.

To, Docker Compose fa? Duk wanda ya bi darussan YouTube zai ɗauka shi ne matakin manya. Asalinsa wani ƙaramin kayan aiki ne mai suna Fig, Docker ya sayi kamfanin da ya yi shi a 2014. Matsalar da yake warwarewa ta fi tamu faɗi: yana tabbatar da cewa kowa a tawaga da sigar PHP ɗaya da sigar PostgreSQL ɗaya yake aiki. Wannan amfani ne na gaske idan ku biyar ne, wani a Katsina, wani a Kaduna, wani a Legas, ko kuma kana riƙe da ayyuka uku kowanne da sigar rumbunsa. Amma a Windows da Mac sai ya tayar da injin Linux sukutum a ɓoye, ya ci rabonsa na ƙwaƙwalwa kafin manhajarka ta ci nata, ga burauza da VS Code suna jira. A laftof mai gig 4 ba a ma fara maganar, mai gig 8 kuma da ƙyar. Hotunan da yake saukewa ɗaruruwan megabayit ne kowanne, da datar da ka saya da kuɗinka, batir kuma ya riƙa zuba a lokacin da ba ka san yaushe za a kawo wuta ba. Ɗalibin da ke furojet ɗin shekarar ƙarshe shi kaɗai, layi uku a Procfile ko package.json sun biya masa buƙata. Tsaka-tsakin da na fi so shi ne a bar wa Compose rumbu da Redis kawai, kod ɗin da ake taɓawa kowane minti ya gudana kai tsaye.

Wannan ya kawo mu ga ko rumbun bayanai ya shiga jerin. Ni ba na sa shi. Kod ana kashe shi a tayar sau da yawa a yini, rumbu kuwa ba abin da yake ƙaruwa da shi in an sake tayar da shi, kuma shi ne kaɗai a cikinsu da SIGKILL kan bar wa aikin farfaɗowa. A bar shi a hannun tsarin kwamfuta, ya tashi da ita ya kwanta da ita. Ko a haka, mu da batir kan mutu mana a tsakiyar aiki ya kamata mu san fayilolin pid. PostgreSQL yana ajiye lambar shirinsa a postmaster.pid, Rails a tmp/pids/server.pid, su goge in sun fita lafiya. In injin ya ɗauke bagatatan, fayil ɗin na nan. Galibi suna duba lambar su ga mai ita ya mutu su wuce. Amma in bayan an sake kunnawa lambar ta faɗa hannun wani shiri dabam, sai su rantse akwai saba a raye, su ƙi tashi. Na Rails gogewa kawai ake yi. Na PostgreSQL kuwa sai ka tabbatar babu wani postgres da ke gudana kafin ka taɓa shi, domin biyu a kan rumbu ɗaya ɓarnar bayanai ce.

Akwai ribar da ba a cika ambata ba. Ayyukanmu hannu suke canzawa: ɗan IT ya gama watanninsa ya koma makaranta, ɗan bautar ƙasa ya karɓi takardarsa ya tafi, mai makarantar ya kira wani. Sabon zai tarar da kod, amma ilimin cewa sai an tayar da ma'aikacin layi kafin tes ya fita ya tafi da wancan. Takardar bayani takan tsufa ba wanda ya lura. Procfile kuwa da shi ake tayar da aiki kowace safiya, ranar da ya daina faɗin gaskiya ranar za a gyara shi. Saboda haka a sa shi a Git tare da kod, a bar .env a waje, tunda nan ne makullan kamfanin tes da na biyan kuɗi suke.

Iyakarsu kuma kwamfutar aiki ce. Ana samun wanda zai hau sabar haya ta SSH, ya rubuta `composer run dev`, ya ga shafi ya buɗe, ya karɓi cikon kuɗinsa. Da ya rufe laftof sai SIGHUP, siginar yankewar taminal, ya isa, komai ya kwanta. Ko ya ɓoye shi a cikin tmux, ranar da aka sake kunna sabar babu mai tayar da shi, kuma `artisan serve` da runserver tun asali ba a yi su don jama'a ba. A can halin da muka yaba ya zama aibi: in ma'aikacin layi ya faɗi ana so a tayar da shi shi kaɗai, shafin biya ya ci gaba da karɓar iyaye. Wannan aikin masu gadin shirye-shirye a saba ne, irin su systemd, ko Supervisor, ko PM2 ga masu Node, da Nginx a gaba yana karɓar baƙi. Foreman da kansa yana da `foreman export systemd`, mai juya Procfile ɗin nan zuwa fayilolin da sabar za ta riƙe.